Hannun da Ya Ƙi Miƙa wa Baffa

Tun daga yadda Baffa Sulle ya jingine babur ɗinsa a zaure bai amsa sannu da zuwan kowa ba, Bahijja ta san tafiyar Kurugu ba ta yi daɗi ba.

Tana tsakar gida tana juya gyaɗa a kasko, mahaifiyarta Inna Kande tana matse tunkuza a gefe. Sana'arsu ke nan a Gwangwan, mai da ƙuli-ƙuli, tun rasuwar mahaifin Bahijja shekara shida da suka wuce. Baffa Sulle yayan marigayin ne, shi ne kuma waliyyinta. Shi ya karɓi kayan sa ranarta daga dangin Zaharaddini, ɗan Kurugu ta ƙasar Karaye, mai safarar gyaɗa zuwa Kudu. Saura wata ɗaya da 'yan kwanaki a ɗaura aure.

Da safe Baffa ya tafi dubiya, don an ce Zaharaddini ya dawo daga tafiya da zazzaɓi.

Inna ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, bai ko kalli kofin ba. Ya ce Bahijja ta sauke kaskon ta zo ta ji da kunnenta.

Ya ce shi da furfurarsa ya taka har ƙofar ɗakin yaron ya yi sallama, aka amsa daga ciki amma ba a buɗe ba. Ta taga aka yi masa magana. Ya zura hannu don su gaisa, yaron ya ja da baya ya ɓoye hannuwansa cikin riga. Kujera ma can nesa aka ajiye masa, a gindin darbejiya. Furar da Inna ta dama da hannunta kuwa, yayan yaron ya juye ta a wani kofi dabam, ya ajiye a bakin ƙofa ya ja da baya.

"Shekarata sittin da uku ba a taɓa mayar mini da hannu ba sai yau," in ji Baffa. "Kuma wai ɗan da zan ba wa 'ya."

Inna ta tambaya a hankali ko yaron bai faɗi dalili ba. Baffa ya ce ya yi ta wasu bayanai na asibiti, wai ƙyandar biri, amma shi bai tsaya ji ba. Abin da idonsa ya gani ya ishe shi: fuska duk ƙuraje, har wuya. Da ya tsaya shan mai a Rogo kuma ya ji abin da mutane ke faɗa, cewa irin wannan ciwon ba ya kama sai masu bin matan banza a Kudu.

Ranar Juma'a, in ji shi, zai mayar musu da kayansu.

Bahijja ba ta san lokacin da ta shige ɗaki ba. Gyaɗar da ke kasko ta ƙone, Inna ce ta sauke.

Abin da ya fi cin ranta shi ne kwana tara ke nan suna waya da Zaharaddini, kullum sai ya ce mata zazzaɓi ne kawai, ya sha magani, ya ji sauƙi. Ta kira shi sau uku bai ɗaga ba. A na huɗu ya ɗaga, ya ce ta yi haƙuri, ita kuma kuka ya hana ta magana har katin ya ƙare.

Washegari da la'asar aka ce ana sallama da ita. Mujahid ne, ma'aikaci a sakatariyar Rogo, wanda ya riga Zaharaddini zuwa wajenta ta ba shi haƙuri. Mahaifinsa abokin Baffa ne tun na ƙuruciya, kuma Baffa bai taɓa ɓoye cewa shi ya fi kwanta masa a rai ba.

Ya zo cikin shadda ruwan toka, yana ƙamshin turare. Ya jajanta mata da murya mai taushi, ya ce ya ji abin da ya faru, Allah ne ya tone asiri tun kafin a kai ta. Shi dai har yanzu yana nan inda ta bar shi.

Ta bar shi ya gama, sannan ta tambaye shi ko ya ga Zaharaddinin da idonsa. Ya ce a'a. Ko ya ji daga bakin wanda ya duba shi a asibiti? Ya ce ai magana ce ta cika gari.

"To, Malam Mujahid, ka bari in ji daga bakinsa tukuna," ta ce. "In ma abin ya watse, ba na son a ce a kan ciwon mutum na gina nawa auren."

Ya yi murmushin da bai kai ido ba, ya ce zai jira. Da za ta shiga gida ta hango shi ya nufi majalisar Baffa.

Mutum ɗaya ce a duniya Baffa Sulle ke sauke murya a gabanta, yayarsa Gwaggo Sauda da ke aure a Karaye. Ranar Laraba da sassafe Bahijja ta roƙi Inna ta bar ta ta kai wa Gwaggo man gyaɗa. Inna ta dube ta, ta dubi jarkar, ta gane, amma ba ta ce komai ba sai "ki dawo kafin magariba".

Gwaggo ta saurari labarin tana tsinke zogale, ba ta katse ta ba. Da Bahijja ta kai ƙarshe tana share hawaye da gefen hijabi, tsohuwar ta ture faifan, ta ce ita ba ta raba aure da ji-ta-ji-ta, ba ta kuma ƙulla shi da kukan yarinya. Ta ɗauko mayafinta, ta ce su je su gani.

An sha ruwan sama da asuba, hanyar Kurugu duk taɓo, sai da hantsi ya dubi ludayi suka isa.

Gidan su Zaharaddini babban gida ne, mutum goma sha bakwai har da ƙananan yara. Ɗakinsa yana can kusurwa, kusa da rumbu. A ƙofar akwai bokiti da buta da sabulu a kan murfin kwano, da kofi ɗaya da kwano ɗaya an kife su. An ɗaura igiya dabam a bayan ɗakin, zanen gado da riga biyu suna shanye a rana. Yayansa Sanusi ne ya tarbe su, da takunkumi a fuska, yana cire safar hannu. Sai da ya wanke hannuwansa da sabulu har gwiwar hannu kafin ya kawo musu kujeru.

Suka tarar da ma'aikaciyar lafiya, Malama Sadiƙa, wadda ke zuwa duk bayan kwana biyu tana auna zafin jikin mutanen gidan. Gwaggo ba ta yi kwana-kwana ba, ta tambaye ta gaskiyar abin da ake faɗa a Rogo.

Malama Sadiƙa ta ce ciwon a haɗuwar jiki yake bi, kowace iri ce, har tsakanin miji da mata, amma ba nan kaɗai ba. Musabaha da mai ƙurajen, kwanciya a tabarmarsa, lulluɓa da bargonsa, goge jiki da tawul ɗinsa, shan ruwa a kofinsa, zama fuska da fuska ana shaƙar numfashin juna, duk hanya ce. Wasu ma a wajen feɗe gafiya ko kurege suke ɗauka, ko taɓa mushen naman daji. Ta ce jariri na goye yana kamuwa, to shi kuma wace mata ya bi?

Gwaggo ta gyaɗa kai, ta ce wannan tambayar za ta kai wa mai ita.

Malamar ta ce Zaharaddini da ƙafarsa ya zo asibiti ranar da ya ga ƙurajen farko da kaluluwa a wuyansa, ya ƙi zama a benci cikin mutane. Tunda jikin bai yi tsanani ba aka ce ya killace kansa a gida. Mutum ɗaya ke kula da shi. Kayansa da ruwan zafi da sabulu ake wankewa, su kaɗai, ba a ko kakkaɓe su. Ba zai fito ba sai ƙurajen sun bushe, ɓawonsu ya zube, sabuwar fata ta fito. Mutanen gidan kuma ana sa musu ido har kwana ashirin da ɗaya.

Bahijja tana ji, amma idonta na kan tagar.

Gwaggo ta ce ta je, ita tana kallonsu daga nan. Sanusi ya ja layi da ƙafarsa a ƙasa, taku huɗu daga bango, ya ce kada ta wuce nan.

Labulen ya motsa. Zaharaddini ya rufe baki da hanci, ya sa riga mai dogon hannu duk da zafin da ake yi. Goshinsa kawai take gani da idanuwansa, goshin duk ƙuraje, wasu sun fara baƙi. Ya rame har ta kusa kasa gane shi.

Ta yi niyyar faɗa. Tun a mota take shirya kalmomin. Da ta buɗe baki sai kuka.

"Yaya Zaharaddini, kwana tara kana ce mini zazzaɓi ne. Me na yi maka da sai a bakin Baffa zan ji?"

"Na yi kuskure, Bahijja. Tsoro na ji. Na san in na faɗa miki za ki taho, in kin taho kuma ba zan iya hana ki shigowa ba."

"Ka san abin da ake faɗa a kanka?"

Ya ce ya sani, Sanusi ba ya ɓoye masa komai. Ya ba ta labarin yadda motarsu ta lalace a hanyar dawowa, suka kwana uku a ɗaki ɗaya da direbobi, tabarma biyu, bargo ɗaya. Akwai wani bawan Allah a cikinsu mai ƙuraje a hannu, kowa ya ɗauka ƙaiƙayin zafi ne. Shi da Uwais, direbansa ɗan Beli, su suka raba bargo da mutumin.

"Ban taɓa kusantar abin da Allah ya hana ba," ya ce. "Amma ba ni da shaidar da zan nuna. In kin yarda, kin yarda."

Ta ce ba don ta tambaye shi wannan ta zo ba. Ta zo ne ta ji me ya sa ya mayar wa Baffa hannu, alhali ya san halinsa.

Ya dubi hannuwansa, ya ce:

"Da na ga hannun nan ta taga, wallahi sai da na ji kamar in kama shi da hannu biyu. Sai na tuna jikokinsa a jikinsa suke wuni. Na tuna matar ɗansa tana da ciki. Na tuna daga nan gidanku zai wuce, Inna ta karɓi kwanon fura daga hannunsa, ke ki wanke. Na ce gara ya yi fushi da ni. Ko da zai hana ni ke, in dai kina lafiya."

Ƙafarta ta tsallake layin ba ta sani ba. Ya ja da baya da sauri ya ce ta koma, don Allah ta koma. Ta koma, ta durƙusa a wurin, ta kifa kai a gwiwa tana kuka. Shi ma ta ji shi yana jan hanci a bayan labule.

Gwaggo ce ta zo ta ɗaga ta. Ta leƙa tagar daga nesa ta ce, "Allah ya ba ka lafiya, ɗan nan. Ka daina sosawa, ka ci abinci. Sauran ka bar mini."

Kafin su fita sai da Malama Sadiƙa ta sa su wanke hannu, ko da ba su taɓa komai ba.

Ranar Alhamis Gwaggo ta kwana a Gwangwan. Bahijja tana ɗakin Inna tana jiyo muryoyinsu daga turakar Baffa, tasa sama-sama, ta Gwaggo ƙasa-ƙasa. Ta ji Gwaggo ta yi masa tambayar jaririn goye. Ta ji ya ce ko ma yaya ne, an raina shi a gaban mutane. Gwaggo ta ce mutanen da aka raina shi a gabansu su wane ne, darbejiya ko rumbu?

Bai sauko ba. Iyakar abin da Gwaggo ta samu shi ne ba zai mayar da kayan ranar Juma'a ba, zai jira sati uku saboda girmanta. Bayan nan kada wanda ya sake yi masa maganar.

Sati ukun nan Bahijja ba ta san ɗanɗanon abinci ba. Mujahid yana zuwa majalisar Baffa kusan kullum, wata rana da kankana, wata rana da labarin sakatariya. Mata masu zuwa sayen mai sukan yi shiru in ta fito, su ci gaba in ta juya. Zaharaddini yana kira bayan azahar, yanzu ba ya ɓoye mata komai: yau biyu sun bushe, yau na baki sun hana shi cin tuwo sai koko, yau ya yi barci.

A kwana na goma sha biyu labari ya zo daga Beli.

Uwais direba ya kamu shi ma, amma ya ce ƙurajen zafi ne, ya shafa man kaɗanya ya ci gaba da harkarsa. A gado ɗaya yake kwana da iyalinsa, a kwano ɗaya yake ci da ƙannensa. Yanzu mutum biyar ne a kwance a gidan, kuma 'yarsa mai shekara biyu an kwantar da ita a asibiti, ƙurajen sun kai har fatar ido.

Mahaifin Uwais tare suka yi karatun allo da Baffa. Ba yadda za a yi ya ƙi zuwa dubiya.

Ya dawo bayan la'asar. Bahijja tana tankaɗe a tsakar gida ta ga ya tsaya a bakin zaure, jikokinsa biyu sun rugo za su rungume shi, ya ɗaga musu hannu ya ce su tsaya. Ya ce a miƙo masa buta da sabulu. Ya wanke hannuwansa, ya sake wankewa, ya shiga ya sauya riga, sannan ya fito ya zauna a tabarma ya ɗora ƙaramin a cinyarsa.

Ya daɗe yana shafa kan yaron kafin ya yi magana. Ya ce wa Inna a asibiti ba a bar shi ya shiga ɗakin ba, ta gilashi aka nuna masa yarinyar. Uwar tana tsaye da safar hannu, ba ta iya ko sumbatar 'yarta. Uwais kuwa yana kuka kamar mace, yana cewa Zaharaddini ya kira shi sau huɗu yana roƙonsa ya je asibiti ya ware shimfiɗarsa, shi ya ƙi ji.

Sai ya tambaya, ba tare da ya dubi kowa ba, mutum nawa suka kamu a gidan Kurugu.

"Babu ko ɗaya, Baffa," in ji Bahijja.

Ya ce cikin mutum nawa? Ta ce goma sha bakwai.

Ya ƙara matse jikan a ƙirjinsa.

"Zo nan, 'yar ƙanena." Ta matso ta durƙusa. "Ranar nan da na dawo daga Kurugu, wannan yaron a jikina ya yi barci. Na yi fushi da wanda ya fi ni tunani. Ki daina kukan nan haka, ba inda kayan za su."

Ta sunkuyar da kai tana share hawaye. Inna ce ta yi ta sa masa albarka tana goge ido da bakin zane.

Da Mujahid ya zo majalisa da yamma, Baffa ya faɗa masa a gaban kowa cewa maganar Bahijja tana nan inda take, kuma duk wanda ya sake ɗora wa ɗan mutane sharrin da bai gani ba, kada ya zauna masa a tabarma. Mujahid bai ƙara zuwa ba.

Allah ya taimaka, 'yar Uwais ta tashi, idonta bai taɓu ba. Sauran ma suka warware ɗaya bayan ɗaya. A Kurugu kwanakin sa ido suka cika babu wanda ya yi ko zazzaɓi, kuma ranar da ɓawon ƙarshe ya zube Malama Sadiƙa ta duba Zaharaddini ta ce ya fito. Sanusi ya wanke ɗakin tas, aka shanya katifa kwana biyu a rana. Baffa da kansa ya hau babur ya koma, abin da suka ce da juna ba wanda ya ji, amma ya dawo da buhun gyaɗar iri a bayansa yana faɗan wai yaron ba ya jin a'a.

An ɗaga bikin da sati uku don ango ya murmure.

Ranar Asabar da la'asar Zaharaddini ya zo Gwangwan. Bahijja ta fito da tabarma ta same shi tsaye a inuwar zaure, ya ja hula har gira, kansa a sunkuye. Suka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi aiki, duk yana kallon takalminsa.

Ta ce ya ɗago.

Ya ɗago a hankali. Tabo ne baƙaƙe a goshi da kumatu, ɗaya a gefen hanci ya ɗan lotsa. Ya ce an ce wasu za su dushe, wasu kuma ƙila sun zauna ke nan. Ya ce ya daɗe yana tunani, in ta ga ba za ta iya ba, ta faɗa masa yanzu, ba zai riƙe ta a rai ba.

Ta kalle shi sosai, ba ta kawar da ido ba, har sai da ya fara gyara zama.

"Ni kam hankalina ya kwanta," ta ce. "Da ma kyan ya yi maka yawa, 'yan matan Karaye sun hana ni sakat."

Ya bi ta da ido kamar bai ji daidai ba. Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ya yi sati biyar bai yi ba, har hular ta zame baya. Ita ma tana dariyar tana share hawaye.

Daga cikin gida Inna ta jiyo su. Ta ajiye muciya, ta ce wa matar ɗan Baffa gobe da safe a aika wa mai lalle.